Jona batirin sola da mota a inda babu lantarki: abin da ya kamata a sani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'armu ta gyaran wutar mota da haɗa sola a nan Katsina, wato jona batirin sola da mota don ya samu caji. Muna ganin bayin Allah suna tafka asara a kansa, alhali bayani kaɗan zai tsare musu dukiyarsu, wani lokacin ma har da idanunsu.

Masu kwana a inda wayar kamfanin wutar lantarki na KEDCO ba ta kai ba suna da yawa a jihar nan. Akwai masu noman rani a bakin madatsun Jibiya da Ajiwa da Zobe da Sabke da Daberam, akwai masu haƙa rijiyar burtsatse da ke yada zango na mako guda a ƙauye, akwai masu gonar kaji, da masu rumfar cajin waya a kasuwannin ƙauye tun daga Mai'aduwa har Baure, da masu yawo da lasifika wajen wa'azi ko biki. Kusan kowannensu na da batir mai bolt 12 da farantin sola ɗaya ko biyu. Sau biyu a shekara rana kan juya musu baya: lokacin hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da lokacin marka a watan Agusta. A yi kwana uku babu rana mai ƙarfi, sai inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, ta fara kuka tun kafin isha'i. To ga mota a tsaye, ita ma batirinta bolt 12 ne. Dole mutum ya yi tunanin jona su.

Ana iya yi, kuma yana fid da mutum kunya. Amma mota ba za ta cika maka batir ba, kuma duk wanda ya dage sai ta cika, shi ne ke ƙona fetur a banza ko ya ƙona altaneta, wato na'urar da ke yi wa batirin mota caji. Iyakar abin da za ta yi shi ne ta ɗaga batirin daga inda yake lalacewa zuwa inda zai kai ka safiya ko jibi, kafin rana ta fito ko a kai shi gari.

Ga dalili. Altanetar ƙananan motoci irin su Golf da Corolla galibi an rubuta mata amfiya 70 zuwa 100, amma wannan adadin sai inji na gudu sosai take ba da shi. Idan mota tana silo, wato tana tsaye inji na aiki ba a taka totur ba, da ƙyar take ba da rabinsa. A cikin wannan rabin, motar kanta na cin amfiya 15 zuwa 20 wajen famfon mai da fulogi da ƙwaƙwalwarta, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, kuma duk lokacin da fankar lagireto ta tashi sai ta ƙara kwasar nata kason. Abin da ke saura wa batirinka bai cika wuce amfiya 20 zuwa 30 ba. Shi kuma batirin dalma, mai ruwa ne ko busasshe, cajinsa kamar ɗura hatsi a buhu ne. Da farko zubawa kawai ake yi. Idan ya kusa baki, sai an girgiza an danna kafin ya karɓi tiya ɗaya. Daga ƙasa zuwa kashi 70 ko 80 cikin ɗari yana shan wuta da sauri, ragowar kuwa sai an shafe awa huɗu zuwa shida ana ba shi kaɗan-kaɗan. Ƙaramar mota a silo tana shan tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, babu mai hankalin da zai bar inji na ruri awa shida don ya tura amfiya uku ko huɗu cikin batir.

Saboda haka a fara da lissafin bukatar dare. Ƙwayayen fitila huɗu masu wat 5 na tsawon awa biyar, wat 100 ke nan. Fanka mai wat 20 na awa takwas, 160. Cajin wayoyi goma, a ƙaddara 150. Jimilla 410, idan aka raba da 12, wato bolt ɗin batirin, ya ba da kimanin amfiya 35 na awa guda. Mota mai ba da amfiya 25 za ta mayar da wannan cikin awa ɗaya da rabi. Wannan ne mizanin da ya kamata a riƙe: awa ɗaya zuwa biyu, a cire. Firiza da dutsen guga da famfon ruwa ba sa cikin wannan lissafi, a kashe su har sai rana ta dawo.

Kafin a taɓa waya ko ɗaya, a auna batirin. Ƙaramar mitar nan ta hannu mai nuna lamba, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin batir ba, kuma a ganinmu wanda ba shi da ita bai kamata ya yi wannan aiki ba. A cire duk abin da ke jikin batirin, a bar shi ya huta kamar awa guda, a juya mitar zuwa lamba 20 ta ɓangaren wutar batir, a ɗora. Idan ta nuna 12.6 ko 12.7, a cike yake. Idan 12.2 ne, rabi. Idan 12.0 ne, saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasa da 11.8 ya kusa ƙarewa. Wanda ya tsaya a wajen 10.5 bayan ya huta, wannan a yi hattara da shi. Batir mai bolt 12 ɗakuna shida ne a ciki, kowane na ba da kusan 2.1. Idan ɗaya ya haɗe ya mutu, biyar ne suka rage, biyar sau 2.1 kuwa 10.5 ne. Idan ka jona irin wannan da mota, wutar ɗaki shida ce za ta afka wa ɗaki biyar, sai ya yi ta tafasa yana zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba kuma zai taɓa ɗaukar caji ba. Haka wanda cikinsa ya kumbura, ko ya tsage, ko yake yoyo. Waɗannan ba na caji ba ne, na masu sayen tsohon batir ne.

Idan mai ruwa ne, irin tubula ɗin nan mai amfiya 200 ko 220, a buɗe murafensa a leƙa. Dole ruwa ya rufe farantan dalmar. Idan kawunansu sun fito fili, a ƙara tataccen ruwan batir daidai yadda zai rufe su kawai, kada a cika maƙil, domin ruwan na tasowa idan caji ya kama. Ba a ƙara asid, ba a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda. Gishirin da ke cikinsu na cinye batir a hankali.

Sai maganar waya, wadda a nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Wayar tayar da mota mai araha da ake sayarwa a bakin titi, ka gan ta da kauri kamar babban yatsa, amma ka sa reza ka yanka bakinta ka gani. Roba ce zalla, a tsakiya wasu 'yan silla da ba su kai kaurin tsinken sakace ba, kuma idan ka kankare su sai jan ya fita farin alminiyam ya bayyana. Araha ba ta ado. Wutar batir ba ta da ƙarfin turawa irin ta gida, bambancin da ke tsakanin mota mai bolt 14.2 da batir mai 12 bolt biyu ne kacal, kuma da waɗannan biyun ne ake tura cajin. Duk abin da waya ta cinye a hanya, daga cikinsu ta ci. Ɗauki tazarar mita uku tsakanin mota da batir, wato mita shida zuwa da dawowa, a amfiya 30. Wayar jan ƙarfe mai lamba 16 (lambar nan kaurin ƙarfen da ke cikin wayar take nunawa) za ta ci kashi biyu cikin goma na bolt ɗaya. Mai lamba 6 za ta ci rabin bolt. Mai lamba 2.5, wadda ake wayarin ɗin soket da ita a gida, za ta ci fiye da bolt ɗaya da kwata, kuma abin da ta ci zafi yake komawa har robarta ta yi laushi. Shi ya sa za ka ga mutum ya bar mota na aiki awa uku, ya cire, batir bai motsa ba. A nemi mai lamba 16 ta jan ƙarfe na gaske, kada tsawonta ya wuce mita uku, da maƙalai masu ƙarfin cizo.

A kan jar wayar, wato wadda za ta haɗa + da +, a sa fiyus mai amfiya 60, kusa da kan batir, kada nisan ya wuce taƙi ɗaya. Wanda ya fi shi ne a sa biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, tunda batura biyu ne kuma kowannensu na iya turo wuta idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota. Batirin mota na iya sakin ɗaruruwan amfiya a cikin ƙiftawar ido. Idan babu fiyus, wayar ce za ta zama fiyus, ta yi ja ta kama da wuta. Kuma idan fiyus ya tsinke, don Allah kada a naɗa masa sillan waya ko takardar kwalin sigari. Tsinkewarsa saƙo ne cewa wani abu ba daidai yake ba.

A tsayar da motar a fili, inda iska ke kaɗawa, a inuwa idan da hali. Ba a cikin gareji ko zaure ko kusa da tagar ɗakin da ake kwana ba, domin hayaƙin salansa na ɗauke da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, mutum barci kawai zai ji ya ɗauke shi. A duba ƙarƙashin motar kada a samu busasshiyar ciyawa ko harawa ko karan dawa, salansar da ta yi awa guda a tsaye na iya kunna su. A ja birkin hannu, a sa giya a firi. A cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben azurfa idan ya haɗa kan batir da ƙarfe, yakan yi zafin da zai ƙona yatsa har ƙashi kafin a iya zare shi. A kori yara, a kashe sigari, a nisantar da murhu da fitilar kwai.

A raba batirin da kayan sola gaba ɗaya. A kashe inbata a cire ta. A wajen kwantirola, na'urar da ke tsakanin faranti da batir tana daidaita caji, wayar farantin sola ake fara cirewa, sannan ta batir. Idan aka zo mayarwa kuma batir ne farko, faranti daga baya. Wanda ya juya wannan tsarin yana iya ƙona kwantirolarsa.

Daga nan a tayar da motar tukuna, kafin a jona komai. Dalili shi ne idan aka jona tana kashe, cikakken batirin motar zai fara zuba wutarsa cikin wanda ya ƙare, kamar tulu biyu da aka haɗa da tiyo, ka zo yin kik ta ƙi tashi, ka zama ba wutar fitila ba ta mota a tsakiyar daji. Bayan ta tashi, a kashe na'urar sanyi da rediyo da fitilu, a auna kan batirinta. Lafiyayyar altaneta za ta nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Idan ba ta kai 13.5 ba alhali babu kaya a kanta, a duba fambel, wato bel ɗin da ke juya altaneta, ko ya saki, idan ba shi ba ne to wannan motar ita ma magani take nema.

Yanzu jonawa. A nemi alamar + da alamar − a jikin kowane batir da ido, a haska da tocila idan duhu ne. Kada a dogara da launin wayar da aka tarar, mun sha ganin inda aka yi wayarin da baƙar waya a kan fozitif. A batirin mota, kan fozitif ya ɗan fi na negetif kauri. Jar waya ta fara maƙale a + na batirin sola, ɗaya bakin nata a + na batirin mota. Baƙar waya a − na batirin sola. Bakin ƙarshe kuwa, kada a sa shi a kan batirin mota, a maƙala shi a wani ƙarfe mai kauri marar fenti a jikin inji, nesa da batir da tiyon mai da fambel. Wannan maƙalawa ta ƙarshe ita ce ke yin tartsatsi, kuma batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda idan ta kai kashi 4 cikin ɗari a iska tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa batirin, asid ya watsu a fuska. Akwai kuma ƙarin dalili: sababbin motoci da yawa na da ɗan ma'auni a kan negetif ɗin batir, idan aka maƙala kai tsaye a kan batirin sai ƙwaƙwalwar motar ta kasa lissafa wutar da ke fita.

Juya waya, wato + a kan −, shi ne kuskure mafi tsada. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙone dayod ɗin altaneta da babban fiyus, wani lokacin har da ƙwaƙwalwar mota. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Da zarar an jona za a ji muryar inji ta ɗan sauka, alamar altaneta ta ɗauki kaya. A taka totur a riƙe shi a wajen 1,500 zuwa 2,000 a agogon gudun inji. Mutane na zaton silo ya fi sauƙi ga mota, amma ga altaneta akasin haka ne, domin fankar da ke sanyaya ta a jikinta take, idan tana juyawa a hankali tana ɗauke da kaya mai nauyi sai zafi ya taru a cikin naɗinta. Mutum ya zauna a kujerar direba ya riƙe totur da ƙafarsa yana kallon allurar zafi. Ba mu yarda da ɗora dutse a kan totur a tafi sallah ko shan shayi ba.

Kowane minti goma a auna wurare biyu. A kan batirin mota, ya kamata ya tsaya sama da 13.2. Idan ya gangaro ƙasa da 12.8, altaneta ta gaza, batirin motar ne ke biyan bashin, a ƙara totur ko a cire. A kan batirin sola kuma, za a ga lambar na hawa a hankali. Idan bambancin da ke tsakanin wuraren biyu ya wuce rabin bolt, waya ko maƙali ne ke cin wutar. A shafa su da bayan hannu, inda aka ji zafi nan ne matsalar, galibi farin gishirin nan ne da ke taruwa a kan batir, a kankare shi da sanfefa. A taɓa gefen batirin ma. Ɗumi ba laifi, amma idan ya yi zafin da hannu ba zai iya zama a kai ba, ya kusa maki 50 ke nan, a dakata. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin garin nan ke haura maki 40, a yi wannan aiki da asuba ko bayan magariba. Idan aka ji ƙaurin roba ko na fenti daga wajen altaneta, ko fambel ya fara kuka, a cire nan take.

Wasu sababbin motoci na rage wutar altaneta da kansu zuwa 12.5 ko 13 don tsimin mai. A irinsu kunna fitilar gaba kan sa wutar ta koma sama da 14. Motoci masu haɗin fetur da lantarki kuwa yawancinsu ba su da altaneta irin wadda muka sani, a bar su kawai.

Lokacin cirewa ya yi idan batirin sola ya kai wajen 14 ya tsaya, ko an cika awa biyu, duk wanda ya riga. Ana cirewa ne a juye: bakin da ke jikin inji, sai − na batirin sola, sai + na mota, sai + na sola. A bar motar ta ƙara minti goma ita kaɗai don batirinta ya farfaɗo. Kada a yi murna da lambar da mita za ta nuna nan take, 13 da wani abu za a gani, kumfa ce kawai. A jira rabin awa zuwa awa guda, ko a kunna ƙwai ɗaya na minti biyar, sannan a auna. Idan an samu 12.3 ko 12.4, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Malam Edita, akwai wata ɗabi'a da muke so mu tsaya a kanta, domin ta zama ruwan dare a tashoshi da ƙauyuka har ana ganin gwaninta ce. Sai a tayar da mota da batirinta, tana cikin aiki a zare kawunan, a ɗauke shi, a dasa wanda ya mutu a gurbinsa wai ya yi caji. A zamanin tsofaffin motoci masu kafireto an sha yin haka an tsira, shi ya sa dattawan direbobi ke rantsuwa da shi. Motar yau ba haka take ba. Batir shi ne madatsar da ke shanye hauhawar wutar altaneta. A daidai lokacin da aka zare kansa inji na gudu, wutar na iya tsalle zuwa bolt gommai na ɗan lokaci kaɗan, kuma wannan ɗan lokacin ya ishi ƙwaƙwalwar mota da dayod da agogon dashbod. Wani lokacin ba a ganin illar ranar, sai bayan mako mota ta fara wasu halaye da makanike zai rasa kansu. Batirin mota ya zauna a mazauninsa, a jona na biyu a gefensa kamar yadda muka bayyana.

Duk abin da muka faɗa na batirin dalma ne. Batirin litiyam, wanda ya fara yawa a hannun mutane, hukuncinsa daban. Shi ba ya ƙoshi a hankali irin na dalma, duk abin da aka miƙo masa zai haɗiye har ya kusa cika, don haka mai amfiya 100 na iya jan duk ƙarfin altaneta na tsawon awa guda ba sassauci. Altanetar mota ba a gina ta don haka ba, musamman a silo. Kada a jona shi kai tsaye da wayar tayar da mota. Yana bukatar cajar da ake sakawa tsakanin batir da batir, wadda a kasuwa ake kira DC-DC, mai amfiya 20 ko 30. Ita ce ke ƙayyade abin da za a ja, ta kuma ba shi 14.2 zuwa 14.6 da yake so. Litiyam mai bolt 24 ko 48 da ke cikin akwati guda kuwa, babu ruwansa da ƙaramar mota ko kaɗan.

Masu inbata mai bolt 24 da batiran dalma biyu a jere, dole a kwance gajeriyar wayar da ta haɗa + na ɗaya da − na ɗayan, a yi wa kowanne caji shi kaɗai, lokaci daidai wa daida. Kafin a mayar da su a auna, kada bambancinsu ya wuce 0.2, in ba haka ba ɗaya zai riƙa cika ya tafasa ɗayan na yunwa. Sannan a san motar da za a jona. Tirela da tifa da manyan motoci bolt 24 ne, har da wasu Land Cruiser masu dizal. Batir mai 12 idan ya sha 24, tafasa zai yi. Babur da Keke Napep kuma wutarsu ba ta taka kara ta karya ba, sai dai a ƙona musu kwayil.

Akwai hanya ta biyu ga wanda ke da ƙaramar inbata da cajar batir ta lantarki. A maƙala inbatar a batirin mota inji na aiki, a sa cajar a jikinta, cajar ta ciyar da batirin sola. Ana asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar a hanya, amma ribarsa ita ce cajar na ƙayyade amfiya, kuma ana iya jan wayar lantarki mai tsawo har inda batirin yake, ba sai an ɗauko tubula mai nauyin kilo 60 ba. Caja mai amfiya 20 na bukatar inbatar da ba ta gaza wat 600 ba, kuma za ta ja kimanin amfiya 30 daga motar. Wannan inbatar a kan batir ake maƙala ta. Ramin kunna sigari na cikin mota fiyus ɗinsa amfiya 10 ne zuwa 15, cajin waya da tocila kawai ya dace da shi. Haka bakin bolt 12 da ke jikin ƙananan janareto, amfiya 8 ne ko kusa, kuma ba ya tsayawa idan batir ya cika, sai an tsare shi da mita.

Wanda ya san zai riƙa bukatar wannan a kai a kai, kamar masu haƙa rijiya da ke yawo da Hilux, ya daina wahala da maƙalai. A ja masa waya ta dindindin mai fiyus biyu, da rile mai jin ƙarfin wuta wanda ke haɗa baturan idan wuta ta kai 13.3, ya raba su idan ta sauko 12.8. Da haka batirin zango na caji duk lokacin da ake tafiya, na motar kuma ba ya taɓuwa idan an kashe inji. Caji a kan tafiya ya fi na tsaye ta kowace fuska: inji na gudu, iska na sanyaya altaneta, man kuma dama za a ƙona shi. Daga Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne, fiye da awa guda ta caji kyauta. Sai dai a ɗaure batirin a tsaye kada ya kife, a rufe kawunansa da roba kada sifana ko jak ya faɗo a kai, kuma mai ruwa ba ya shiga inda fasinja ke zaune gilashi a rufe.

Idan tsautsayi ya sa asid ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15, idan ido ne a wuce asibiti ko da an ji sauƙi. Wanda ya zuba a ƙasa ko a ƙarfen mota, ruwan kanwa ko toka na kashe kaifinsa, amma waɗannan ba sa zuwa kusa da ido. A ajiye bokitin ruwa a gefe tun kafin a fara.

Batirin da aka ceto da mota bai warke ba tukuna. Dalmar da ta zauna ba caji tana yin wani farin ɓawo a jikin farantanta, wanda idan sabo ne caji na narkar da shi, idan ya yi makonni kuwa ya daskare ke nan, batir mai amfiya 200 ya koma aikin mai 80. Cikin kwana biyu ko uku a samar masa cikakken caji, ko a kai shi inda ke da wuta ya kwana a kan caja, ko a bar masa sola yini biyu ba tare da an kunna komai ba. Yawancin inbatoci sai batir ya faɗi zuwa wajen 10.5 suke kashe kansu, wanda ya yi ƙasa ƙwarai, don haka kada a jira kukanta, a rage kaya tun mita na nuna 12.1. A lokacin hazo kuma a riƙa goge farantin sola da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya kafin ya yi zafi, domin sau da yawa ƙurar da ta kwanta a kansa ta fi hazon sama tare rana.

Muna kira ga 'yan'uwanmu masu sayar da batir da kayan sola a Katsina da Daura da su riƙa haɗa wa mai saye da mita da fiyus, su nuna masa yadda ake karanta ta kafin ya bar shago. Minti biyar ne.

Mun gode da filin da aka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu gyaran wutar mota da haɗa sola,
Katsina.